Talatin Ta Yi Wa Malam Digiri Kaɗan

Shekara goma sha tara ya yi yana tura keken marasa lafiya a babban asibiti, amma ko sau ɗaya bai taɓa yarda a kira shi mai tura keke ba. In an tambaye shi aikinsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Muna ɓangaren lafiya." In an matsa masa, sai ya ƙara da, "Ni da likitoci." Kuma ba ƙarya ya yi ba, ƙofa ɗaya suke bi su shiga.

Abin ya faro ne wata ranar Talata, wata uku bayan an mayar da shi sashen gashin ƙashi. Ya turo wani dattijo mai ciwon gwiwa, ya tarar likitar sashen tana koyar da ɗalibai, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jira. Likitar wata gajeruwar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta tsayar da ɗalibi guda, ta ɗora masa wasu 'yan ma'aunai biyu a baya, ta ce ya karkata gefe.

"Ku lura," in ji ta, "gadon baya, wato daga gindin wuya zuwa inda haƙarƙari ya ƙare, ba ya lanƙwasuwa gefe da yawa, haƙarƙarin ne ke tare shi. A lafiyayyen mutum za ku sami kamar digiri ashirin zuwa talatin kowane gefe. Wannan shi ne matsakaici."

Ta ci gaba da bayani, amma shi daga nan ya daina ji. Matsakaici! Wato duk mutanen nan da ke yawo a titi suna ɗaga kafaɗa, da masu mota da masu ofis, talatin ce iyakarsu, likitoci kuma sun sani sun zuba ido. Ba wanda ya taɓa tunanin a ƙara. Nan take ya ji kansa ya yi haske. Ya juya ya nufi waje yana lissafi da yatsu, sai da ya kai bakin get ya tuna da dattijon. Ya dawo ya same shi yana ta dukan bango da sanda, keken na fuskantar kwandon shara.

Da yamma ya tarar da matarsa tana guga a tsakar gida.

"Maman yara, ajiye dutsen gugar nan ki karkata."

"In yi me?"

"Ki karkata gefe. Bincike nake yi."

"Malam, in yunwa ce ta kawo wannan, abincinka na nan a rufe."

"Ke ba ki san duniya ta tsaya cik a talatin ba? Ni zan kai ta sittin. Daga layin nan za a fara. Wata rana sai an zo daga nesa ana tambayar gidan nan."

"Ai an sha zuwa ana tambaya. Wancan karon da ka ce za ka gyara famfon layi, har daga layin baya aka zo, da ruwa ya shiga ɗakunansu."

"Wancan aikin injiniyoyi ne. Wannan fannina ne."

Gaggawar tana da dalili. Ƙarshen wata ƙungiyar mazauna layi za ta zaɓi shugaban kwamitin lafiya. Sau biyu yana nema, sau biyu yana samun ƙuri'a ɗaya, kuma ya san mai ita.

Gidan yana da gareji, ko da yake ba a taɓa ajiye mota a ciki ba. Ya fitar da tsofaffin katifu da kwalaye, ya share. Babbar 'yarsa malamar lissafi ce a sakandare, kowa Malama yake ce mata, tana da wani babban ma'aunin kusurwa na katako mai kamar rabin faranti, wanda take zane da shi a allo. Ya ɗauke shi ba da saninta ba, ya kara a bango, ya ja layuka da alli har suka kai tsawon mutum, ya rubuta lamba a kan kowane layi. A ƙasa ya zana tafin ƙafa biyu. Sannan ya kafa kwali a ƙofa: CIBIYAR ƘARA DIGIRI. A AUNA KA KYAUTA.

Kafin rana ta faɗi layin ya raɗa masa Malam Digiri. Bai ji haushi ba ko kaɗan. Baƙo in ya ji, ai sai ya ɗauka na jami'a ne.

Waɗanda suka fara zuwa tela ne da mai aski. Shagunansu suna kallon juna, kuma shekara ashirin ke nan ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har a kan ƙarfe nawa. Tela siriri ne mai yawan damuwa, irin wanda in an ce masa ya rame sai ya kasa cin abinci. Ya cire takalmi, ya taka zanen, ya tsaya ƙyam, ya karkata dama a hankali iya inda jikinsa ya tsaya.

Malam Digiri ya duba bango, ya duba tela, ya sake duba bango, ya girgiza kai.

"Me ka gani?" in ji tela.

"Ashirin da huɗu."

"Da kyau ko ba kyau?"

"Kana da iyali dai, ko?"

"Na shiga uku! Mutuwa zan yi?"

"Ba mutuwa ba ce. Bayanka ne ya ci baya."

Mai aski ya kwashe da dariya har tumbinsa na rawa. Ya ture tela, ya taka zanen. Ya turo ƙugu gefe guda, ya ɗaga ƙafar hagu sama, ya kama ƙarfen taga da hannu, ya zube dama kamar buhun da aka jingina ba daidai ba.

"Hamsin da biyar!" Malam Digiri ya yi ihu. "Ka ga jikin da aka gina da ilimi!"

"Ai ƙafa ya ɗaga!" in ji tela. "Har taga ya riƙe!"

"Wannan a fanninmu sunansa haɗin kan gaɓɓai."

"To ni ma a sake min."

"Ba a sake awo a rana ɗaya. Jiki yana gane wayo."

Ya rubuta a bangon waje da manyan baƙaƙe, inda duk mai wucewa zai gani: MAI ASKI 55, TELA 24. Mai aski ya koma shago ya juya kujerarsa ta fuskanci na tela, duk sanda suka haɗa ido sai ya ɗaga masa yatsu biyar sau biyu.

Kwana uku, layi ya kama a ƙofar gareji. Mai gyaran babur ya sami arba'in. Mai shagon kwana, wato na kusurwar layi, ya sami arba'in da takwas, ya ce a sake duba lissafin, shi ba a taɓa cutarsa a awo ba. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya faɗi ƙasa gaba ɗaya, Malam Digiri ya ba shi casa'in, daga baya ya soke saboda ƙorafi. Gaisuwa ma ta canja. Maimakon a tambayi iyali, sai ka ji, "Ina kwana, nawa ka kai?"

Ga waɗanda suka faɗi awon, ya fito da magani. Kowace safiya kafin a tafi aiki, mutum ya cika bokiti da ruwa, ya riƙe a hannun dama, ya bar nauyin ya ja shi, ya taka daga farkon layi zuwa ƙarshe sau bakwai. Shi kuwa yana tsaye a kan benci da usur a baki, hannu a baya.

"A saki jiki! A bar wa bokiti aikinsa! Tela, kai kake ɗauke da bokitin ko shi yake ɗauke da kai?"

Waɗanda suka ci ma suka shiga, don kada a kamo su. Cikin mako guda maza goma sha bakwai na layin suna tafiya a karkace, ko da bokiti ko babu. Wani ma'aikacin wutar lantarki da ya zo duba waya ya tsaya a tsakiyar titi yana kallon mutane yana kallon turakun wuta, daga ƙarshe ya rubuta rahoto cewa turakun layin duk sun karkata hagu.

Tela shi ya fi kowa wahala, don bokiti biyu yake ɗauka a hannu ɗaya. Da yake a karkace yake auna masu ɗinki, su ma yawancinsu a karkace suke tsayawa, sai riguna suka fara fitowa gefe ɗaya ya kai gwiwa, ɗayan ya tsaya a ƙugu. Wani ya dawo da tasa yana faɗa.

"Wannan riga ce ko tuta?"

"Karkata ka gani," in ji tela. Mutumin ya karkata, riga ta zauna daram. Ya tafi da ita a haka.

Mai aski kuwa kowane kai ya taɓa sai ya fito da gangare, kamar rufin shago. Ya ce sabon yayi ne, sunansa hamsin da biyar.

Matan layi ne ba su ga abin dariya ba. Ranar Alhamis su shida suka yi sallama a gidan, matar tela a gaba.

"Maman Malama, mun zo ne ki yi wa mijinki magana. Bokitina uku, yanzu ko na wanke-wanke ba ni da shi."

"Nawa mijin kullum sai na gasa masa kwankwaso da ruwan zafi," in ji wata. "In na ce ya daina, sai ya ce so nake ya mutu a talatin da biyu."

"Ni nawa a hoton bikin ƙanwarsa rabin kansa ne kawai ya fito."

Maman yara ta saurare su tsaf, ta ce, "Shekara talatin ina yi masa magana. In kun san inda ake kunna kunnensa ku nuna min."

Malam Digiri yana jin su daga gareji. Ya leƙo ya ce, "Duk wani babban aiki da haka yake farawa. Ku ma akwai sashen mata nan gaba." Takalmin matar tela ya bugi ƙofa daidai inda kansa yake kafin ya janye.

Ana cikin haka ne kafinta ya zo gaisuwa. Shi ne mai neman Malama. Shekara guda ke nan ana maganar, iyayensa sun zo, kowa ya amince, kalmar ƙarshe ta uba kawai ta rage a sa rana. Mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, fensir a bayan kunne ko da ya yi kwalliya. Ya durƙusa ya gaida Malam Digiri a ƙofar gareji.

"Tashi, tashi. Cire takalmi."

"Na'am, Baba?"

"Taka nan. Ba a shiga zuri'ata da ka."

Kafinta ya dubi Malama, wadda ta fito ta tsaya a bakin ƙofar gida, ta yi masa alama da ido ya yi haƙuri. Ya taka, ya dasa ƙafafu, ya karkata ba tare da ya motsa ƙugu ba.

"Ashirin da bakwai," in ji Malam Digiri, muryarsa kamar mai ta'aziyya. "Kai da nake ganinka ƙato."

"Baba, in ba za ka ji haushi ba, daɓen nan a gangare yake." Kafinta ya zare fensirinsa ya ajiye a ƙasa. Fensir ya gangara shi kaɗai har ya fita titi. "Kuma layin nan na hamsin ya fi kusa da na talatin fiye da na arba'in."

"Neman aure ka zo ko duba gini?"

"Gani na yi kawai, Baba."

"To ni ma na gani. Abin nan gado ake yi. In ba ka 'yata, ku haifa min jikoki sanƙararru kamar ƙyauren shago? A'a. Ka nemi bokiti. In ka kai hamsin ka dawo."

Kafinta ya sa takalminsa, ya bi fensirinsa. Malama ta shigo gareji, idonta ya yi ja. Ta ga ma'auninta da ta yi mako biyu tana nema a rataye a ƙusa, ta haɗiye wannan, ta yi magana a hankali.

"Baba, kai nawa ka kai?"

"Ni? Saba'in."

"Wa ya auna ka?"

"Wa ya isa?"

Ta dube shi sama da ƙasa. Can ta sassauta fuska ta ce, "Gaskiya abin nan ya fi ƙarfin layinmu. Kamata ya yi likitar sashenku ta zo ta gani da idonta, kafin wani ya riga ka kai mata ya ce shi ya gano."

Malam Digiri ya miƙe zumbur. "Abin da nake shirin yi ke nan kika tari numfashina."

Washegari ya tare likita a baranda, ya ce mata ƙungiyar layinsu ta shirya taron wayar da kai kan lafiyar baya, ana roƙon ta zo ta zama babbar baƙuwa. Ta ji daɗi, ta ce ba kasafai jama'a ke damuwa da bayansu ba sai ya riƙe. Ta ce za ta zo da kayan awonta.

"Ba sai kin wahala ba, ranki ya daɗe, muna da namu."

"Ba nauyi gare su ba," in ji ta.

Ranar Asabar da hantsi aka kafa rumfa a tsakiyar layi, aka jera kujerun roba, aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogon tebur. An ɗauko lasifika, aka ba mai aski makirfo a matsayinsa na zakara. Har daga layukan maƙwabta an zo. Malam Digiri ya sa wata farar riga mai maɓallai da ya sa tela ya ɗinka masa irin ta likitoci, gefen dama ya fi na hagu tsawo da taƙi guda.

Likita ta sauko daga mota, ta ga maza goma sha bakwai sun jeru suna mata maraba, dukansu sun karkata gefe guda kamar ana iska. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ba abin da ya canja.

"Haɗari aka yi a layin nan?"

"Ci gaba ne, ranki ya daɗe," in ji Malam Digiri. Ya karɓi makirfo. "Jama'a! Ga likita nan, ba za ta bar ni in yi ƙarya ba. A gabana ta faɗa da bakinta cewa ɗan Adam ya tsaya a talatin. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, mun gode musu. Daga inda suka gaji ni na ɗauka. Yau a layin nan muna da mai arba'in da takwas, muna da mai hamsin da biyar!"

Aka tafa. Mai aski ya karɓe makirfonsa, ya ɗaga hannu yana juyawa.

Likita ta buɗe jakarta. "Mai hamsin da biyar ɗin, ko zan iya ganinsa?"

Mai aski ya fito yana taƙama. Ta tsayar da shi a kan simintin gaban shagon kwana, inda yake a miƙe. Ta ɗora masa ma'auni ɗaya a gindin wuya, ɗaya a inda haƙarƙari ya ƙare. Ya fara turo ƙugu, ta ce ya mayar. Ya ɗaga ƙafa, ta ce ya sauke. Ya lalubi abin riƙewa, babu. Ya karkata yana nishi. Ta duba na sama, ta duba na ƙasa, ta cire wannan daga wancan.

"Ashirin da ɗaya."

"Hamsin da ɗaya?"

"Ashirin da ɗaya. Lafiya ƙalau. Kana cikin masu lafiya."

"Ban yarda ba! Jiya ban yi barci sosai ba!"

Tun kafin a kira shi tela ya riga ya cire takalmi. Ta auna shi dama, ta auna shi hagu. "Ashirin da biyar, ashirin da huɗu. Babu abin da ke damun bayanka sai gajiya. Me kake ɗauka haka?"

Tela ya juya ya dubi mai aski, ya ɗaga yatsu biyu, sannan ya ɗaga ɗaya, ya kai su har gaban hancinsa. "Nawa ka kai, maƙwabci? Faɗa a makirfo mana, ai yana hannunka!"

Ɗaya bayan ɗaya ta auna su. Mai shagon kwana ashirin da shida. Mai gyaran babur ashirin da uku. Ba wanda ya haura talatin, ba wanda ya gaza ashirin. Ta ce lambar ba jarrabawa ba ce da za a ci ko a faɗi, haka aka halicci wurin don ya kare huhu da zuciya, kuma duk wanda ta sake jin ya ɗauki bokiti da hannu ɗaya don motsa jiki, ita da shi ne. Mata suka ɓarke da tafi. Maza suka fara miƙewa a hankali, kowa na dafe da kwankwaso, suna juyowa wajen mai farar riga.

"To shi mai saba'in fa?" in ji matar tela daga baya.

Sai a lokacin kowa ya tuna cewa tun da aka fara, ba wanda ya taɓa ganin Malam Digiri ya karkata, ko ya ɗauki bokiti.

"Saba'in! Saba'in! Saba'in!"

Likita ta matso kusa da shi ta ce a hankali, "Kada ka yi. Ka ce musu kuskure ne, a wuce wurin."

Da ya ji ta, da an tashi lafiya. Amma ga mutanen layi uku, ga zaɓe saura mako, ga kafinta can a tsaye a bayan kujeru ya harɗe hannu. Malam Digiri ya cire takalmi ya miƙa wa matarsa.

"Waɗannan ɗalibai ne," ya ce da ƙarfi. "Yanzu za ku ga malaminsu."

Ya ware ƙafafu, ya ja numfashi, ya karkata dama. Jikinsa ya tsaya inda na kowa yake tsayawa. Ya ƙara matsawa, bai tafi ba. Ya saci turo ƙugu, aka yi masa ihu. Sai ya miƙa hannu ya kama ƙarfen rumfa, ya ja kansa ƙasa da dukkan ƙarfinsa. Wani abu ya ce ƙas a kwankwasonsa. Ƙarfen ya biyo shi, rabin rumfar ya rufto a kan dattawan ƙungiya da ke layin gaba.

Da aka yaye tamfol aka zaro dattawa, sai aka ga Malam Digiri yana nan a tsaye, a lanƙwashe kamar marikin lema, kunnensa na dama na kallon ƙasa, idanunsa waje.

"Ya isa haka, mun gani, miƙe," in ji mai gyaran babur.

"Ina... ina riƙe da matsayin ne."

"Malam, miƙe mana," in ji matarsa.

"Maman yara, ba ya miƙuwa."

Likita ta lallatsa bayansa, ta sa ya motsa yatsun ƙafa, ta tambaye shi inda yake jin zafi. Ta ce ba karaya ba ce, naman kwankwaso ne ya ɗaure, da hutu da ɗumi zai saki cikin 'yan kwanaki. Mai aski ya matso yana leƙe, makirfo na lilo a hannunsa.

Malam Digiri ya yi ƙasa da murya. "Ranki ya daɗe, tunda dai na riga na zo nan, auna ni."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗora ma'aunan. "Gadon bayanka ashirin da shida. Sauran duk ƙugu ne da kwankwaso, su ne kuma suka biya."

"Don girman Allah ki ce saba'in. Wa zai sani? Ni fa ko sau ɗaya ban taɓa gwadawa ba sai yau."

Maganar ta fito daga lasifika tar, ta bugi bangon gidaje ta dawo. Nan take dariya ta ɓarke a layin. Tsohon ma'aikacin gidan waya ya yi ta yi har sai da aka ba shi ruwa. Tela ya zauna a ƙasa yana dukan siminti. Matar tela ta wuce kai tsaye gareji ta fara rarraba bokitai, kowace na kiran launin nata.

Tafiya ta gagara, zama a kujera ma ya gagara. Aka yaye ƙyallen babban tebur, aka kwantar da shi a kai ta gefe. Maza uku suka kama, suka kasa ɗagawa, don duk bayansu ciwo yake. Kafinta ya ratso jama'a, ya kama gaban teburin shi kaɗai, sauran suka taru a baya, aka ɗaga.

Malama ta jera da teburin, daidai kan mahaifinta.

"Sannu, Baba."

"Yauwa."

"Ka ga mai ɗauke da kai?"

"Ina ganin ƙeyarsa."

"Ashirin da bakwai ne fa. Ya fi ka da ɗaya. In bai cancanta ba, sai in ce ya ajiye, a jira mai hamsin."

Teburin ya ɗan tsaya. Malam Digiri ya dubi nisan da ke tsakaninsa da ƙasa.

"Ke wa ya ce miki na hana? Gwada haƙurinsa nake yi. Ya ci. A sa rana. Kai, yaron kirki, riƙe da kyau!"

A ƙofar gida aka sami matsala: tebur ya fi ƙofa faɗi, shi kuma ba ya saukuwa. Kafinta ya sa aka ajiye shi a kan titi, ya je ya ɗauko sukundireba ya fara kwance ƙyauren. Jama'a suka kewaye teburin suna kallo. Maman yara ta tsaya a kansa da takalmansa a hannu.

Malam Digiri ya buɗe ido ɗaya, ya ga taron bai watse ba. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kada a yi saurin yanke hukunci. Gefen dama kawai likita ta auna min. Ni asali bahago ne. Ku bari in warke ku ga hagu."

Maman yara ta ajiye masa takalman a kan ciki, ta juya wajen kafinta.

"Ɗana, mayar da ƙyauren nan. A bar shi a nan ya jira hagun."